Yadda na daidaita kafireta biyu a tsohuwar MGB

Motar ƙirar 1967 ce, injin 1798cc, da kafireta biyu samfurin SU HS4. Na kwance su, na wanke, na sa sabbin allurai da gasket, amma da na tayar sai injin ya riƙa rawa a sulo. Fulogin silinda biyun gaba fari fat, na baya kuwa baƙi ƙirin, alamar mai ya yi wa na gaba kaɗan, ya yi wa na baya yawa.

Kwana uku ina juya notin daidaita mai a banza. Da na fesa maganin wanke kafireta a gefen sandar totur ta kafiretar gaba, nan take ƙarar injin ta sauya. Ashe sandar ta cinye, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Na sa sabuwa da bushin.

Daga nan na kwance abin da ya haɗa kafiretocin, na kara guntun tiyo a kunne, ina sauraron hucin kowace har suka zo ɗaya. Wannan aikin ba ya son gaggawa. Na zuba mai a ƙoƙon fistan da ke saman kowace kafireta, na ɗaure.

Yanzu sai kan silinda. Wannan karon zan auna matsin injin da tazarar bawul kafin in taɓa kafireta.