Yadda ake neman tallafin karatun Kalifoniya don zama jami'in lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantar gwamnati

Makarantun gwamnati a Amurka suna fama da ƙarancin ma'aikatan da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara, kuma giɓin ya fito fili bayan annobar korona, lokacin da yara da yawa suka koma aji ɗauke da damuwa da fargaba, wasu ma suka daina zuwa makaranta. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantun ƙasar tana ganin bai kamata jami'i ɗaya ya riƙe ɗalibai fiye da 250 ba, amma a shekarar karatu ta 2023/2024 matsakaicin abin da kowane jami'i yake riƙe da shi a faɗin ƙasar ya kai 376, a jihar Kalifoniya kuwa ya haura 400. Lamarin masana halayyar ɗalibai ya fi wannan muni, domin ƙungiyarsu tana neman masani ɗaya ga ɗalibai 500, alhali a zahiri kowannensu yana da sama da 1,000 a wuyansa.

Ɗaya daga cikin dabarun da Kalifoniya ta fito da su don cike giɓin shi ne tallafin karatu mai suna Golden State Teacher Grant, wanda hukumar tallafin ɗalibai ta jihar, wato CSAC, take gudanarwa. Sunan yana ruɗar mutane saboda malaman aji ya ambata, amma tun 2022 aka faɗaɗa shi ya haɗa da masu karatun ba da shawara, da na halayyar ɗalibai, da na jin daɗin jama'a a makarantu. Abin da ya kamata mai nema ya riƙe tun daga farko shi ne wannan kuɗi ciniki ne tsakaninsa da jiha: a ba shi dala, shi kuma ya biya da shekarun aiki a makarantar da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan cinikin suke tsaye.

Mataki na farko shi ne mutum ya duba matsayin zamansa a ƙasar kafin ya ɓata lokaci. Ba a shiga wannan tallafi sai ta ɗaya daga cikin ƙofofi biyu: fom ɗin tallafin ɗalibai na tarayya da ake kira FAFSA, ko kuma takwaransa na jiha da ake kira California Dream Act Application. Na farkon na ɗan ƙasa ne, da mai izinin zama na dindindin wanda aka fi sani da girin kad, da ɗan gudun hijira ko wanda aka ba mafaka. Na biyun an yi shi ne domin waɗanda suka yi karatu a makarantun jihar amma ba su da takardun zama. Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi da bizar karatu ba ya shiga ta ko ɗaya daga cikin biyun, saboda haka duk wanda ya yi masa alkawarin wannan kuɗi daga gida, musamman idan ya nemi a biya shi ladan cike fom, to damfara ce, domin cike FAFSA kyauta ne.

Mataki na biyu shi ne zaɓen fanni, kuma a nan ne mutane da dama suke yin gaggawa. Lasisin da ake buƙata sunansa Pupil Personnel Services, a taƙaice PPS, kuma hukumar ba da lasisin malamai ta jihar, CTC, ita ke bayar da shi bayan digiri na farko da ƙarin karatu a matakin digiri na biyu. Mai ba da shawara shi ne wanda ƙofar ofishinsa take buɗe kullum: yana tsara wa ɗalibi darussan da zai ɗauka, yana taimaka masa da takardun shiga jami'a, yana kuma zama da yaron da aka kawo masa yana kuka ko wanda ya yi faɗa a filin wasa. Karatunsa yakan ɗauki kimanin shekara biyu, da awa 800 na sanin makamar aiki a makarantu. Masanin halayyar ɗalibai ya fi karkata ga gwaje-gwaje, shi ne yake auna yaron da ya kasa karatu don a gane ko yana buƙatar ilimi na musamman, kuma yawancin lokacinsa yana tafiya a rubuta rahoto da zaman taro da iyaye. Hanyarsa ta fi tsawo, kimanin shekara uku ce, da awa 1,200 na aikin horo a ƙarshe. Jami'in jin daɗin jama'a kuma shi ne mai bin sawun matsala har gida, inda zai tarar cewa yaron da ke fashin makaranta ba lalaci ne ya hana shi ba, mai gidan haya ne ya kori iyayensa. Wanda ba ya jure zama da alƙaluma da dogon rahoto bai kamata ya zaɓi fanni na biyu don albashinsa kawai ba.

Akwai wata magana da ba ta cikin fom amma ta shafi mutanenmu. A gidaje da yawa, da zarar an ce lafiyar ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi ga asibitin mahaukata, har a ji uba yana tambayar 'yarsa ko duk karatun duniya ta rasa wanda za ta yi sai na mahaukata. Yana da kyau a zauna da iyaye tun kafin a nemi gurbi, a bayyana musu cewa aikin na cikin makaranta ne, kuma babu rubuta magani a cikinsa. Mai jin Hausa ko Faransanci ko Larabci bayan Turanci kuwa ya ambaci hakan ƙarara a takardar neman gurbinsa, domin makarantun da wannan tallafi yake nufa su ne waɗanda 'ya'yan baƙi suka taru a cikinsu, kuma uwar da ba ta jin Turanci takan saki jiki ne idan ta sami wanda ya san yadda ake gaisawa kafin a shiga magana.

Mataki na uku shi ne tantance takardu da samun gurbi a shirin da aka amince da shi. Wanda ya yi digirinsa na farko a wajen Amurka, a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdou Moumouni misali, sai ya aika sakamakonsa ga ɗaya daga cikin kamfanonin tantancewa da CTC ta amince da su, irin su World Education Services, domin su tabbatar cewa digirin ya yi daidai da na Amurka. Karɓo sakamako daga tsohuwar jami'a yakan ci watanni, don haka wannan ne abin da ya kamata a fara tun kafin komai. Daga nan sai a buɗe shafin CTC a intanet a duba jerin jami'o'in da aka amince su koyar da PPS, a kuma tabbatar cewa fannin da ake so yana cikin abin da aka amince wa wannan jami'ar. Wata jami'ar tana da digiri na biyu a fannin ba da shawara, amma na masu aiki a asibiti ne ko da ma'aurata, kuma irin wannan digiri ba ya kai mutum ga lasisin makaranta, ba ya kuma jawo tallafin. Jami'o'in gwamnatin jiha da ake kira CSU, masu rassa sama da ashirin, su ne mafi sauƙin kuɗi ga mazaunin jihar, inda kuɗin karatun digiri na biyu ya kai kimanin dala 7,600 a shekara a 2024/2025, ban da sauran kuɗaɗen reshe.

Mataki na huɗu gajere ne. A cike FAFSA ko fom ɗin jiha da zarar an buɗe, wanda bisa al'ada yake farawa ranar 1 ga Oktoba, sannan a shiga shafin CSAC a cike fom ɗin tallafin kansa, domin na farkon ba ya wadatarwa. Jami'a ce za ta tabbatar wa hukuma cewa mutum ɗalibinta ne, kuma ta hannunta kuɗin yake biyowa, saboda haka a riƙa leƙa ofishin tallafin ɗalibai har sai sun yi nasu ɓangaren. Kuɗin da majalisa ta ware yana da iyaka, wanda ya yi jinkiri yana iya tarar da tukunya a wanke.

Mataki na biyar, sanya hannu a yarjejeniya, shi ne ya fi cancantar a zauna a yi masa karatun ta-natsu. A shekarun farko tallafin yana kaiwa dala 20,000, da sharaɗin aikin shekara huɗu cikin shekara takwas bayan kammala karatu, kuma duk shekarar da mutum ya gaza cikawa zai mayar da kashi 25 cikin ɗari na abin da ya karɓa. Daga 2024/2025, da kasafin jihar ya shiga matsi, aka rage shi zuwa dala 10,000 da aikin shekara biyu cikin huɗu. Lissafin bai canza ba a zahiri: kowace shekarar aiki tana tsaye a kan dala 5,000. Wanda ya karɓi 10,000, ya yi shekara ɗaya, sannan ya koma wata jiha saboda aure ko aikin miji ko mata, ya san rabin kuɗin yana kansa. Tun da sharuɗɗan suna sauyawa da kasafin kowace shekara, takardar da mutum ya sanya wa hannu ita ce hukunci a kansa, ba labarin wanda ya karɓa shekara uku da suka wuce ba. Mai ƙyamar kuɗin ruwa ya duba sashen da ya yi bayanin mayar da kuɗi da kyau, ya kuma tambayi ofishin tallafi a rubuce yadda ake biya, ya ajiye amsar.

A cikin yarjejeniyar ne kuma za a ga ma'anar makarantar da ake ba fifiko. Ita ce wadda aƙalla kashi 55 cikin ɗari na ɗalibanta suke cikin ɗaya daga rukuni uku: masu koyon Turanci, ko waɗanda suka cancanci abincin makaranta kyauta ko da rangwame, ko yaran da hukuma ta ba wasu riƙo. Ana fitar da jerin irin waɗannan makarantu duk shekara. A ganina, mai hankali zai buɗe wannan jeri tun kafin ya sanya hannu, ya nemo makarantun da ke kusa da inda yake zaune, ya auna nisan tafiya da kuɗin haya a yankin. Dala 10,000 ba ta biyan hayar shekara a Los Anjalis ko San Faransisko, kuma wanda ya ɗaure kansa da aiki a inda ba zai iya zama ba ya sayi wahala da kuɗinsa.

Mataki na shida shi ne tsallake lokacin sanin makamar aiki. Kafin a bar ɗalibi ya shiga makaranta ya zauna da yara, sai an ɗauki zanen yatsunsa an binciki tarihinsa, CTC ta ba shi takardar wankewa, an kuma yi masa binciken tarin fuka. Awannin horon suna faɗowa ne a lokacin da makarantu suke buɗe, daga safe zuwa la'asar, ga darussan jami'a da yamma, don haka mai aikin yini yakan rasa yadda zai haɗa su, kuma sau da yawa ba a biyan ko sisi a kan waɗannan awanni. Ya dace a tambayi jami'a ko tana da haɗin gwiwa da wata gundumar makarantu da ke biyan masu horo. Wasu daga cikin irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin tarayya suke tafiya, daga dala biliyan 1 da dokar Bipartisan Safer Communities Act ta ware a watan Yunin 2022, wata ɗaya bayan harbin da ya kashe yara 19 da malamai 2 a garin Uvalde na jihar Texas. A watan Afrilun 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da cewa ba za ta ci gaba da biyan da yawa daga cikin waɗannan kuɗaɗe ba, lamarin da ya kai ga kotu, saboda haka a tambayi daga ina kuɗin shirin yake fitowa da kuma shekara nawa aka tabbatar da shi. A wannan lokaci ne kuma ɗalibi zai koyi wani nauyi da doka ta ɗora masa: idan yaro ya nuna masa tabon duka ko ya faɗi abin da ke nuna ana cutar da shi, dole ne ya kai rahoto ga hukuma, ko da iyayen yaron 'yan garinsu ne da suke haɗuwa a masallaci ko wurin suna.

Mataki na ƙarshe shi ne kama aiki da tara shaida. A tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin da ke aiki a lokacin da ake neman aikin, a sauke jerin a ajiye kwafi, domin idan makarantar ta fita daga jerin daga baya, shekarun da aka ci gaba da yi a cikinta suna nan a lissafi. Duk shekara a sa ofishin ma'aikata na gunduma ya cike takardar tabbatar da aiki, a aika wa CSAC, a riƙe kwafi. Wanda ya haɗa da bashin karatu na tarayya ya yi rajista da shirin yafe bashi ga ma'aikatan gwamnati, wanda aka kafa a 2007, yake kuma share ragowar bashi bayan biya 120 na wata-wata yayin da mutum yake cikakken aiki a wuri irin makarantar gwamnati. A Kalifoniya, gundumar da ke shirin rage ma'aikata saboda ƙarancin kuɗi takan raba takardun gargaɗi zuwa ranar 15 ga Maris, kuma sababbin ɗauka su ne kan gaba a jerin. Dokar tallafin Golden State ta yi rangwame ga wanda matsin kuɗin gunduma ya hana shi aiki, da wanda rashin lafiya ko haihuwa ta tsayar, da wanda aka kira aikin soja, amma hukuma takarda take gani. Idan wasiƙar Maris ta iso, a sa ta a fayil ɗaya da yarjejeniyar, a kuma sanar da CSAC a rubuce kafin shekarar karatu ta ƙare.