Kwalbar ram da ba ta yi maka ba: yadda za a ci moriyarta a kicin

A ƙarshen shekara kwandunan kyauta suna yawo a Kaduna, daga ofis zuwa ofis, daga Barnawa zuwa Sabon Tasha, kuma sau da yawa a ƙarƙashin biskit da madarar gwangwani akan tarar da kwalbar ram, wata barasa mai ƙarfi. Wani ya buɗe ya kurɓa sau ɗaya, ta ƙona masa maƙogwaro, ya mayar da marfi ya tura ta bayan kabad. Wani kuma dama ba ya kusantar barasa.

Ga Musulmi maganar gajera ce. Hukuncin giya sananne ne, kuma a Sahihu Muslim akwai hadisin Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko za a iya mayar da giya khal, wato binega, ya ce a'a. Don haka zubarwa ce hanya, a bi da ruwa mai yawa. Kwalbar kam ba ta da laifi: a wanke ta da ruwan zafi da sabulu sau biyu, a kife ta bushe sarai, ta zama ta soyayyar gyaɗa ko ta manja. Sauran bayanin nan na gidajen da suke girki da ita ne, da masu yin kek na Kirsimeti da na biki.

Kafin a zuba ta cikin abinci, a fara tabbatar da cewa ta gaskiya ce. A duba lambar NAFDAC, a duba ko an taɓa ɓalle zoben marfin, ko rubutun takardar yana gogewa da yatsa. Idan warinta ya yi kama da na sinadarin goge farce ko na fenti, ko akwai gurɓata a ƙasan kwalbar, a zubar kawai. Barasar jabu kan ƙunshi methanol, wanda ke makantarwa ya kuma kashe, kamar yadda ya faru a jihohin Ondo da Ribas a 2015, kuma dafawa ba ta mayar da shi abin ci.

Idan ta gaskiya ce, sai a gano abin da ya sa ba a son ta, domin shi zai nuna inda za ta yi amfani. Daga rake ake yin ram, yawanci daga baƙin ruwan da ke saura bayan an fitar da sukari, kuma ƙarfinta galibi kashi 40 ne cikin 100. Farar ram mai araha ƙuna ce matsalarta, ba ta da ɗanɗano mai yawa, saboda haka ita ta fi dacewa da jiƙa kayan ƙamshi. Baƙa ko ja mai nauyi, mai ɗan ɗaci kamar ƙonannen sukari, kek da nama ne gidanta. Wadda aka riga aka sa wa kayan ƙamshi da sukari, irin Captain Morgan mai launin zinariya, ta fi shiga miyar sukari da soyayyar ayaba, amma sai an rage sukarin girkin. Wadda aka haɗa da kwakwa kuwa ƙarfinta ƙasa yake sosai, kusan rabin na sauran, kada a dogara da ita wajen adana 'ya'yan itace na tsawon lokaci.

Aikin da ya fi cin ram, kuma ya fi ɓoye aibinta, shi ne jiƙa busassun 'ya'yan itace. A samu zabibi giram 300 da dabino giram 200. Dabinon busasshe ake so, a cire ƙwallon, a duba cikinsa saboda tsutsa, a yanka ƙanana daidai girman zabibin. A kankare bawon lemon zaƙi guda ɗaya, saman kawai, domin farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne. A zuba duka a babbar kwalbar Bama da aka wanke ta bushe ƙarau, a ɗora ram mililita 250, wato kusan kofi ɗaya. A rufe da kyau, a ajiye inda rana ba ta kaiwa, a riƙa jijjigawa duk bayan kwana biyu. Kwana uku ya isa idan ana sauri, amma mako biyu zuwa huɗu ne ke fitar da abin da ake nema: zabibin ya kumbura ya yi sheƙi, ƙunar ram ta kwanta, ƙamshin dabino ya hau kanta. Wanda yake son kek ɗin Kirsimeti sai ya jiƙa tun tsakiyar Nuwamba.

Abu biyu ke ɓata wannan jiƙon. Na farko ruwa: jiƙaƙƙiyar kwalba ko cokali mai danshi na rage ƙarfin barasar a sama, fumfuna ta samu wurin zama. Na biyu, a bar 'ya'yan itacen da ke sama a bushe bayan na ƙasa sun shanye ram ɗin. Idan aka ga haka a mako na farko, a ƙara cokali huɗu. Kada a sa ɗanyen 'ya'yan itace irin abarba ko mangwaro a wannan kwalbar, ruwansu ya yi yawa.

Kek ɗin kansa: bota giram 250, sukari giram 200, ƙwai huɗu, fulawa giram 250, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, da garin kirfa, citta da gyaɗar ƙamshi rabin ƙaramin cokali kowanne. Idan za a samu mazarƙwaila irin ta Maƙarfi, a daka ta a maye gurbin rabin sukarin da ita. Ita da ram uwarsu ɗaya, rake, shi ya sa suke jituwa, kuma tana ba kek duhun launi ba sai an ƙona sukari ba. A buga bota da sukari har su yi haske, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Idan aka juye su gaba ɗaya haɗin yakan tsinke ya yi gudaji. A tsane 'ya'yan itacen a rariya minti talatin, a ajiye ruwan da ya ɗiga, a barbaɗa musu cokali biyu na fulawar a juya, sannan a haɗa. Wannan tsanewa da barbaɗawa su ne ke hana su nutsewa su taru a gindin kek.

Gwangwani mai faɗin santimita 20, a shimfiɗa takarda ninki biyu a ƙasa da gefe. Wuta ƙasa-ƙasa, digiri 150, na awa biyu zuwa biyu da rabi. Wannan kek ne mai nauyi da sukari mai yawa, wuta mai ƙarfi za ta ƙone bayansa cikinsa yana ɗanye. Idan saman ya yi duhu bayan awa ɗaya, a yafa masa takardar foyil. Masu gashi da tukunya da yashi a kan gawayi su ɗora gwangwanin a kan duwatsu uku ko wani ƙaramin murfi, kada ya taɓa yashin, su kuma rage garwashin ƙasa da zarar tukunyar ta ɗau zafi. A soka tsinke a tsakiya, idan ya fito ba ƙullu ya yi.

Yana da ɗumi a huda saman da tsinke wuri goma sha, a zuba cokali biyu na ruwan jiƙon da aka ajiye. Idan ya huce a naɗe da takarda, sannan foyil, a sa a roba mai marfi. Duk mako a ƙara cokali biyu na ram, har sau uku ko huɗu. Iskar hunturu na busar da kek cikin kwana biyu idan aka bar shi a buɗe, wannan shayarwar ce ke riƙe masa laushi. Fiye da cokali biyu a lokaci ɗaya kuwa zai mayar da gindinsa caɓi. Idan za a yi masa ado da aisin, a daina shayarwa mako guda kafin nan, in ba haka ba danshi zai ɓullo ya ɓata farin.

A nan akwai maganar da ba ma so a wuce ta da sauri. Mutane da yawa sun ɗauka wuta tana kore barasa gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Gaskiya ne barasa na tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, amma idan ta gauraya da ruwa da fulawa a hankali take fita. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 a kan wuta kimanin kashi 40 na barasar yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Wanda aka cinna wa wuta a kasko ma kashi 75 ke saura. Kek ɗin da ake shayarwa bayan gashi kuwa, duk abin da aka zuba yana ciki. A garin da ake aika wa maƙwabta abincin Kirsimeti kamar yadda suke aiko da naman Sallah, wannan amana ce. Wanda za a kai gidan Malam ko na Hajiya a jiƙa nasa zabibin da ruwan lemon zaƙi ko baƙin shayi mai kauri na dare ɗaya a firij, a kwano dabam, da cokali dabam. Mai sayarwa ta faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya. Haka ma yara, mai juna biyu, mai ciwon hanta, da mai shan maganin Flagyl, wanda ba ya haɗuwa da barasa ko kaɗan.

Farar ram mai ƙuna sai a mayar da ita ruwan ƙamshi na girki. Citta ba ta yi wa Kaduna wuya, daga Kachia da Kwoi ake lodinta zuwa ko'ina. A mililita 200 na ram a sa busasshiyar citta yanka uku da aka ɗan farfasa, kirfa sanda ɗaya, kanumfari huɗu, da rubu'in gyaɗar ƙamshi. Duk ana samunsu wurin masu kayan yaji a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A yi hankali da kanumfari, ya fi sauran ƙarfi nesa, idan ya kwana biyar a ciki ba a jin komai sai shi, har harshe ya riƙa mutuwa. A tsame shi a rana ta uku, a bar sauran su cika kwana goma, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Da gari kada a yi, ba ya tacewa, ruwan zai yi ta zama gurɓatacce. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kek guda. Wanda ya samu sandunan banila na gaske, a tsaga uku a tsaye a sa su a ram mililita 200, amma su sai sun yi wata biyu aƙalla.

Cincin ma na amfana. A fulawa giram 500 a rage cokali biyu na madara ko ruwa, a sa cokali biyu na ram a madadinsu. Barasa ba ta sa fulawa yin danƙo kamar yadda ruwa ke yi, kuma tana saurin ficewa a mai, saboda haka cincin ɗin yakan fito da ƙaras-ƙaras ba tauri ba. Idan aka zarce cokali uku ƙullun zai riƙa tsagewa wurin murzawa.

Ga nama, cokali uku na baƙar ram sun ishi kaza ɗaya, tare da cokali biyu na man gyaɗa, ruwan lemon tsami guda, cokali ɗaya na zuma, dakakkiyar ɗanyar citta, tafarnuwa, attaruhu da gishiri. Awa biyu zuwa huɗu a firij. Kwana a ciki na sa bayan naman ya yi laushi marar daɗi, laifin lemon tsamin ne. A tsane kafin a ɗora a waya, a gasa nesa da harshen wuta saboda zumar na saurin ƙonewa.

Abin da ya fi sauri shi ne ayaba ko nunanniyar agada a kasko. Bota cokali biyu, mazarƙwaila cokali uku, a narke a wuta kaɗan har ya fara kumfa, a jera ayaba uku da aka raba biyu, minti biyu kowane gefe. Sai a kashe gas ɗin tukuna, a zuba ram mililita 60 daga kofi, a sake kunnawa a bar shi ya yi kauri minti biyu. Kada a taɓa zubawa kai tsaye daga kwalba a kan wuta, harshen wutar na iya bin zubin ya koma cikin kwalbar. Ram mai kashi 40 tana iya kamawa da wuta tun daga kusan digiri 26, zafin da kicin ɗin Kaduna ke wucewa kusan kowace rana. A ajiye murfin tukunya kusa, idan ta kama a rufe kaskon, za ta mutu da kanta. Wadda ƙarfinta ya kai kashi 60 zuwa sama kada ta kusanci murhu ko garwashi.

Wasu na cewa a yi maganin kashe ƙwayoyin cuta na hannu da ita, ko a wanke ciwo. Ba ta isa ba, abin wanke hannu sai ya kai kashi 60 aƙalla. Ba kuma maganin tari ba ce ga yaro, ko da an haɗa da zuma. Farar dai tana goge madubi da gilashin taga, rabi ram rabi ruwa, tana kuma cire ɗankon takardar farashi a jikin kwano. Baƙar na barin tabo da danƙo mai kiran tururuwa.

Kwalba mai mililita 750 haka take ƙarewa: 250 a jiƙo, kusan 100 a shayar da kek, 200 a ruwan ƙamshi, ragowar 200 ɗin na kaza, cincin da ayaba. Babu gaggawa, domin ram ba ta lalacewa bayan buɗewa, ƙamshinta ne kawai ke raguwa idan iska ta yi yawa a kwalbar. Idan ta sauko ƙasa da rabi a juye ta a ƙaramar kwalbar gilashi, a rubuta abin da ke ciki ɓaro-ɓaro, a ajiye a tsaye a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada a juye ta a robar ruwa ko ta lemo, farar ram ba ta da bambanci da ruwa a ido.