Yadda nake kare tarwada daga cutar hunturu

Masu kiwon jatan lande a bakin teku suna da watannin da cuta ke cinye musu gona. Mu masu tarwada a Daura namu lokacin shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Janairu. Kwami uku na siminti gare ni a bayan gida, kuma a shekarata ta farko sai da na yi kusan mako guda ina kwashe matattun kifi kowace safiya kafin na gane abin da ke faruwa.

Tarwada ta fi son ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. Idan iskar arewa ta taso, ruwan kwami yakan sauka ƙasa da 22 kafin asuba. Kifi ya daina cin abinci sosai, jikinsa ya yi rauni, abincin da ya bari ya ruɓe a ƙasa. Ƙananan ƙwayoyin da ke manne wa fata da wurin numfashi kuwa a nan suke samun dama. Saboda haka ka fara da sayen ma'aunin zafi, ka riƙa tsoma shi bayan sallar asuba.

Sai ka tsaya ka kalli kifinka kafin ka zuba abinci. Wanda ke goga jikinsa a bango, ko ya tsaya tsaye a saman ruwa kai a sama, ko yauƙi ya yi masa yawa har fatar ta yi toka-toka, ko ka ga farin ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, wannan ya kamu.

Ni gishiri nake sawa, irin mai tsakuwa na kasuwa. Kilo 3 a kowace lita 1,000 ta ruwa. A bokiti nake narkar da shi tukuna, sannan in zagaya kwamin ina zubawa a hankali. Inda mutane ke kuskure shi ne su sa sau ɗaya su ce an gama. Ƙwayar farin ɗigo tana ɓuya ne cikin fatar kifi, gishiri ba ya taɓa ta a can. Sai ta faɗo ƙasa, ta hayayyafa, 'ya'yanta sun fito suna neman wani kifin, sannan take mutuwa. Kuma sanyi yana jinkirta wannan zagaye. Don haka nakan riƙe gishirin kamar mako biyu, duk ruwan da na zubar in mayar da gishirin da ya tafi da shi.

Wajen canza ruwa, daga burtsatse kai tsaye nake jawowa, domin ruwan ƙasa yana fitowa da ɗuminsa. Wanda ya kwana a tanki a sama ya riga ya huce, kada ka zuba shi da sassafe. Da magariba ina rufe kwamin da tamfol, in bar kafar iska. Abinci kuma sau ɗaya, bayan azahar, rabin abin da na saba ba su.

Abu ɗaya da yake damuna: sai ka ga mutum ya je kemis ya sayo kafso irin na mutane ya zazzage a ruwa. Wannan maganin ba ya kashe waɗannan ƙwayoyin, asarar kuɗi ce, kuma kifin nan mutane za su ci. In ka sa gishiri ba ka fara ganin sauƙi ba bayan kwana uku ko huɗu, ɗauki kifi biyu da ransu ka kai wa likitan dabbobi.

Kowane kwami da ragarsa ta kama kifi, don kada cuta ta bi raga zuwa wani kwamin. Kifin da aka kamo daga dam, ko Sabke ne ko Jibiya, ba na haɗa shi da nawa. Sababbin 'ya'yan kifi kuwa sai sun yi kwana 14 a robar da na ware musu a zaure.