Kurakuran da Gaggawa ke Jawowa a Girkin Gida da Yadda Za a Gyara Su

Wanda ya dawo gida a gajiye ya tarar da iyali suna jiran abinci, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya ƙara wuta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma ba ya sayen lokaci ko kaɗan. Ruwan da ke tafasa a tukunya ba ya wuce zafin digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, ko da an ninka wutar, saboda haka shinkafar da ke kan babbar wuta ba za ta riga wadda ke kan matsakaiciya nuna ba. Abin da zai faru shi ne ruwan ya ƙafe da wuri, ƙasan ya kama ya yi ƙanzo, saman kuma ya rage da tauri, har a ƙara ruwa a sake jira. Sauri ya haifi nawa ke nan. Gyaran shi ne a bar ruwa ya tafasa, a rage wuta, a rufe tukunya, a kuma daure a daina buɗe murfi, domin tururin da ke fita shi ne ke ƙarasa dahuwar. Mai son saurin gaske sai ya nemi tukunyar matsin tururi, wadda ke kai zafin cikinta kusan digiri 120.

Inda lokaci ke salwanta a gaskiya shi ne wajen tsara abin da za a fara. Da yawa sukan ɗora mai a wuta sannan su ɗauko albasa su fara yanka, man ya yi ta hayaƙi, su kuma suna kokawa da wuƙa. Ya kamata a fara da abin da ya fi daɗewa kuma bai buƙatar tsaro, kamar ɗora ruwan taliya ko dankali, sannan a yi yanke-yanke a cikin mintunan da ruwan ke ɗaukar zafi. Haka kuma ba a zuba tafarnuwa tare da albasa a lokaci guda, domin albasa tana son mintuna kafin ta yi laushi, tafarnuwa kuwa cikin ƙasa da minti ɗaya take ƙonewa ta bar ɗaci a miya.

Akwai kuma cika kasko da nama don a gama suya a zubi ɗaya. Launin nan mai ja-ja da ƙamshin soyayyen nama suna fitowa ne daga wani haɗuwar sinadarai da masanin nan ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a shekarar 1912, kuma ba ya kankama sosai sai fuskar naman ta bushe zafinta ya haura digiri 140. Idan yankan ya yi yawa a kasko, ruwan da ke fita daga jikinsa ba ya samun hanyar tsira, sai naman ya koma dahuwa a cikin ruwan kansa, ya fito fari fat kuma da tauri. A tsane nama sosai kafin suya, a soya shi kashi biyu, a bar tazara tsakanin yanka da yanka.

Wake abinci ne mai riƙe ciki da gina jiki, amma ba ya yarda da shawarar da aka yanke bayan yunwa ta kama mutane. A jiƙa shi tun dare, a dafa mai yawa a ranar hutu, a kasa shi a ƙananan mazubai a daskarar. Kada a zuba tumatir ko wani abu mai tsami kafin ya yi laushi, domin tsami yana hana shi nuna da wuri. Jan waken nan mai siffar ƙoda kuwa yana ɗauke da wani sinadari da ke sa amai da gudawa, kuma ba ya lalacewa sai waken ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, saboda haka barin sa a ƙaramar wuta tun daga farko kuskure ne.

A ganina, kuskuren da ya fi haɗari yana faruwa ne bayan an sauke tukunya. Dafa abinci mai yawa don gobe dabara ce mai kyau, sai dai ajiyar ce mutane ke yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Wasu suna barin tukunya a kan murhu har safe bisa tunanin cewa ɗumame zai kashe komai. Wasu kuma suna cusa tukunyar gaba ɗaya a firji, alhali tsakiyar babbar tukunya tana iya shafe awanni da ɗuminta. Abin da ya dace shi ne a juye abincin a faffaɗan mazubai marasa zurfi don ya huce da sauri, a rufe, a sa a firji, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, wanda zai wuce haka kuma a daskarar da shi. Shinkafa ta fi kowa buƙatar kulawa a nan. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta gamawa da ita, kuma idan shinkafar ta daɗe da ɗumi, ƙwayar tana fitar da dafin da ɗumame ba ya kashewa. Sunsunawa ba hujja ba ce, domin abinci yana iya cutarwa ba tare da ya yi tsami ko wari ba. Idan an zo ɗumamawa, a ɗebi iya abin da za a ci, a ɗumama shi har tsakiyarsa ta yi tururi, kada a mayar da ragowar don a sake ɗumamawa.

Haka lamarin yake ga daskararren nama. Maimakon a bar shi a kan tebur tun safe, a sauko da shi cikin firji tun daren jiya, ko a nutsar da shi a ruwan sanyi cikin leda a ɗaure, ana sauya ruwan duk rabin awa. Wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo, duk da cewa al'adar hannu ce ga mutane da yawa, fantsama ƙwayoyin cuta yake yi a kan kwanuka da kayan lambun da ke kusa. Wuta ce ke kashe su, idan zafin cikin naman ya kai digiri 74. A ware wa ɗanyen nama katakon yankansa.

Gaggawa tana sa a nemi ɗanɗano daga gishiri da dunƙulen ɗanɗano kawai, ana mantawa cewa dunƙulen kansa cike yake da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, yara kuma ƙasa da haka. Albasar da aka bari ta soyu da kyau, kayan ƙamshin da aka ɗan soya a mai, da ɗigon lemun tsami a ƙarshe suna rage buƙatar gishirin. Inda akwai ƙananan yara ko mai hawan jini, babu dalilin ɗora tukunya biyu: a ɗebar musu nasu kafin a ƙara yaji da gishiri.

Saura kuma farantin da babu komai a cikinsa sai shinkafa ko taliya da mai, wanda shi ne mafaka a ranar da aiki ya yi yawa. Hukumar ta ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma kusantar wannan ba ya buƙatar wani girki daban. Ƙwai yana dahuwa cikin minti 10 a gefe, kifin gwangwani ba ya buƙatar wuta, daskararrun kayan lambu kuma suna riƙe yawancin amfaninsu. Karas da kabeji a zuba su saura minti 5 a sauke, ganye mai laushi kamar alayyahu kuma sai an kusa kashe wuta, don kada ya narke ya rasa launinsa.