Yadda za ka kafa sana'a a cikin gida ba tare da gidan ya cinye jarin ba

Sana'ar cikin gida tana da dadin farawa, babu hayar shago, babu kudin mota kullum, kana tashi daga barci ga wurin aikinka nan kusa. Amma fa wannan saukin shi ne kuma yake karya ta, domin a gida ake cefane, a gida yara suke, a gida baki suke sallama, kuma duk kudin da ya shigo hannunka kowa kallon kudin gida yake masa har da kai kanka. To ko namiji ne kai ko mace, babban aikin da ke gabanka shi ne raba sana'ar da hidimar gida alhali a wuri daya suke.

Da farko dan Allah kar ka fara da sayen kayan aiki. Mutane da yawa da sun samu dan kudi sai su ruga su sayo keken dinki ko firinta ko kwamfuta mai tsada, sai daga baya a fara tunanin wa zai saya. Zabi abin da ka iya da gaske, dinki ne, hada sabulu ne, gyaran waya ne, koyar da yara darasi ne, ka yi dan kadan ka kai wa wadanda ba 'yan uwanka ba ka ce su biya. 'Yan uwa da abokai za su ce maka kai wallahi ya yi kyau, amma yabo ba ciniki ba ne, wanda ya sa hannu a aljihu shi ne ya fada maka gaskiya. In akwai inda za ka ari na'ura ko ka yi hayarta na dan lokaci, yi hakan har ka ga oda tana maimaita kanta.

Daga nan ka dauki takarda, shafi daya ma ya isa, ka rubuta me kake sayarwa, su wa za su saya, ina za ka rika saro kaya, ta yaya kayan za su isa hannun kwastoma. Jarin kuma kar ka zuba shi duka rana daya, ka ware na kayan aiki, ka ware na sari, sannan ka boye wani kaso da zai rike sana'ar kamar wata uku ko da ciniki bai kankama ba, don watannin farko yawanci shiru ne.

Wajen sa farashi ne na fi jin tausayin masu sana'ar gida, saboda da yawa suna aiki dare da rana suna ganin kudi na shiga na fita amma a karshe babu komai a kasa. Dalilin shi ne kudin kayan da suka saro kawai suke lissafawa. Wutar lantarkin da ka sha fa, datar da ka kona wajen amsa sakonni, leda da kwalin da ka nade kaya, kudin aikawa, kayan da suka lalace a hannunka, da uwa uba lokacinka, duk sai sun shiga lissafi, don in ba ka sa kudin aikinka ba kyauta kake yi wa mutane aiki. Ga lissafi mai sauki da kowa zai iya: hada abin da dole ka kashe duk wata ko ka sayar ko ba ka sayar ba, sai ka raba shi da ribar da kake samu a kan kaya guda. Misali in kashewar wata 200 ce, ribar kaya daya kuma 10, to sai ka sayar da guda 20 kafin ka mayar da kudinka, daga na 21 ne ribar gaskiya ta fara. In ka duba ka ga hannunka ba zai iya fitar da wannan adadin a wata ba, ko dai ka kara farashi ko ka sake tunani tun kafin ka yi nisa.

Sai maganar raba kudi, wadda a gani na ita ce ta fi komai. Bude wa sana'ar asusunta daban, in ba hali a kalla ka samu akwati daban da littafi, duk abin da ya shiga duk abin da ya fita ka rubuta a ranar, kar ka ce sai gobe. Ka yanka wa kanka albashi ko kadan ne, daga shi za ka yi hidimar gida, uwar kudi kuwa ba a taba ta. In lalura ta tilasta ka dauka, rubuta shi a matsayin bashi ka mayar. Haka ma dan gida in ya dauki kaya a rubuta. Bashi kuwa an ce hanji ne yana cikin kowa, amma karamin jari ba ya daukar bashi da yawa, musamman na makwabta da dangi da kake jin nauyin tambayarsu. Aikin da aka ba ka oda ka karbi kafin alkalami wanda zai isa sayen kayan aikin, in mai oda ya fasa ba kai ne a ciki ba.

Ware wuri ko da lungun daki ne da tebur daya, ka sa lokacin budewa da na tashi, ka zaunar da mutanen gidan ka yi musu bayani da kyau don su san daga karfe kaza zuwa kaza aiki kake, ba aike ba hira. In akwai yara a kula sosai, almakashi, reza, wayar wuta, ballantana sinadarin hada sabulu wanda yake kona fata da ido, duk a kulle su inda hannu ba ya kaiwa.

Kar ka manta da doka. In gidan haya kake ka sanar da mai gida tun wuri. Ka bincika yadda ake rejistar sunan sana'a a inda kake zaune da batun haraji, kuma abin da ake ci ko ake shafawa a jiki galibi yana bukatar izinin hukuma kafin a sayar. Adana risit dinka, zai yi maka rana.

Talla kuma wayarka ta isa a farko. WhatsApp Business da aka fito da shi a 2018 kyauta ake sauke shi, za ka iya jera hotunan kaya da farashi, ka sa sakon da zai amsa wa mutane lokacin da ba ka kusa, kuma ya fi kyau ka ba shi lamba daban da taka ta gida. Dauki hoto da hasken rana, ainihin kayanka ba na wani da ka gani a Instagram ba, don ranar da kaya suka isa ba kamar hoton ba, to ka rasa wannan kwastoman da duk wanda zai ba labari. Adireshin gidanka kuwa kar ka baza shi a intanet, wanda ba ka sani ba a aika masa ko ku hadu a wurin da jama'a suke.

Duk karshen wata ka zauna da littafin nan ka duba wane kaya ne yake tafiya, wanne ne ya danne maka kudi, wa ake bi bashi. Wanda ba ya tafiya ka rage masa farashi ya fita, ka juya kudin zuwa wanda ake nema.