Yadda ake neman kotu ta rufe takardun sirri a ƙarar gayya a Amurka

Na daɗe ina haɗa takardu a wani ofishin lauyoyi a jihar Michigan. A ƙarar gayya, wato ƙarar da wasu ke shigarwa a madadin taron mutane masu koke iri ɗaya, kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka tambarin "sirri" da aka buga a takarda ya wadatar. Wannan kariya, da ke ƙarƙashin doka ta 26(c) ta ƙa'idojin shari'a na kotunan tarayya, tana aiki ne lokacin musayar hujjoji tsakanin ɓangarori. Da takarda ta shiga fayil ɗin kotu, jama'a na da haƙƙin ganinta.

Sai ka shigar da roƙo daban na neman a rufe ta. Bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ka nuna wa alƙali ainihin ɓarnar da fitarsu za ta jawo, misali sirrin farashi ko bayanan lafiyar wani. Haɗa kwafi biyu: cikakke ga alƙali, da wanda ka shafe layukan sirri kaɗai da baƙi. A ranar haihuwa, shekara kawai ake bari.

Kada ka yi haɗama. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta shida ta soke sulhun kusan dala miliyan 30 a ƙarar Shane Group da kamfanin inshorar lafiya na Blue Cross Blue Shield, saboda an rufe takardun da 'yan gayyar ke buƙatar gani kafin su amince. Ni ina ganin kotun ta yi daidai, tunda haƙƙinsu ake yanke wa hukunci.