Yadda malamin Turanci zai nemi abin yi idan aka rufe sashen share fagen shiga jami'a

Sashen share fage, wanda ɗalibai ke kira rimediyal, da ajin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa, galibi da kuɗin da ɗalibai suka biya ake tafiyar da su. Shi ya sa idan masu shiga suka ragu, ko hukumar makaranta ta sauya tsari, rufe su ba ya yi mata wuya. Amma yaran da ake buɗe irin wannan sashe dominsu suna nan a Babura da Ringim da Tudun Wada da Gaya, har yanzu babu jami'ar da za ta ɗauke su ba tare da kiredit a Turanci ba. A nan abincin malamin yake, in ya bi abin daki-daki.

Fara da takardar ɗaukarka aiki

Ɗauko ta ka sake karantawa, domin ita za ta gaya maka matsayinka. Idan ma'aikacin dindindin ne kai, makarantar ce ta ɗauke ka, rufe sashe bai kore ka ba. Rubuta wa magatakarda ta hannun shugaban sashenka, ka nemi a mayar da kai sashen darussan bai-ɗaya, inda kowane ɗan aji ɗaya ke ɗaukar kwas ɗin Turanci ko da likitanci yake karantawa. Ka rubuta tun ana raɗe-raɗin rufewa. Wanda ya jira sai an kafe sanarwa kan tarar an cike guraben, a tura shi ofis yana jera fayil. A jami'a za a tambaye ka digiri na biyu. In kana cikin yinsa, haɗa da takardar shaidar rajistarka.

Idan kuma na wucin gadi ne ko kwantiragi, abu biyu za ka karɓa kafin a kulle ofis. Na farko takardar shaidar aiki mai hatimi, wadda ta faɗi shekarar da ka fara da wadda ka gama da darussan da ka koyar. Na biyu lissafin bashin alawus ɗinka a rubuce, zango-zango, da sa hannun shugaban sashe. Da zarar sashe ya watse, fayiloli sun tafi sito, shugaban ya koma wani wuri, sai ka rasa mai cewa ya san ka.

Mai asusun fansho a kamfanin fansho, wanda bai kai shekara 50 ba, dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara idan ya yi wata 4 babu aiki. Ma'aikatan jihar Kano da na Jigawa kuwa kowacce da nata tsarin, sai a tambayi ofishin fanshon jiha.

Lasisin koyarwa

A nan da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya shekara goma yana koyar da 'yan share fage da digirin Turanci zalla, babu wanda ya taɓa tambayarsa shaidar malanta, sai ya zo neman sakandaren gwamnati a ce ina rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Hukumar ba ta yi wa mutum rajista sai yana da shaidar malanta, kamar NCE, ko digiri a fannin ilimi, ko difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana yin wannan difiloma a cibiyoyinta na jihohi a ƙarshen mako, haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a. Bayan nan akwai jarrabawar hukumar a kwamfuta. Kafin ka biya ko sisi, duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da digiri da takardar bautar ƙasa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe ka wata da watanni.

Aikin gwamnati da na masu zaman kansu

Firamare da ƙaramar sakandare suna ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, kuma sakataren ilimi na ƙaramar hukumarka ne zai fara jin labarin ɗaukar malamai, don haka kai masa takardunka da kanka, har da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumar. A Jigawa an ɗauki malamai ta shirin J-Teach na wucin gadi, daga baya aka mayar da wasunsu na dindindin, saboda haka kada ka raina irin wannan ƙofa. Sai dai aikin gwamnati ba ya zuwa ranar da kake so. Ka nema, amma kada ka zauna jiransa.

Makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu masu sakandare sun fi ɗaukar malamai a dogon hutu, kafin komawa a Satumba. Albashinsu kaɗan ne. Dabarar ita ce ka nemi ajin ƙarshe kawai, kwana biyu ko uku a mako, a makarantu biyu, maimakon ka sayar wa ɗaya da duk makonka. Masu zana NBAIS, jarrabawar makarantun Larabci da ilimin addinin Musulunci, su ma suna bukatar Turanci, kuma malamai kan manta da su.

Buɗe naka ajin a garinku

Wannan ne ya fi kama da aikin da ka saba, kuma shi ya fi saurin kawo kuɗi. Kada ka kama shago. Je ka ga hedimastan firamare da sakataren ilimi a ba ka aron aji bayan an tashi, sannan ka gaida dagaci ka sanar da shi. Wannan gaisuwa ita ke sa iyaye su bar 'ya'yansu mata su zo, muddin ana tashi kafin magariba.

Lokacin farawa shi ne bayan kaka, wajen Nuwamba. An gama girbi, iyaye na da abin hannu, ga rajistar JAMB na tafe a farkon shekara, WAEC a Mayu da Yuni, NECO na biye da ita. Aji da aka buɗe da damina kan mutu a mako na uku, yara suna gona. Ka kuma kauce wa ranar kasuwa: a yankin Maigatari Alhamis, a Wudil Juma'a, a Dambatta Lahadi. Kwana uku a mako, awa biyu-biyu, ya wadatar.

Ranar farko gwaji za ka yi. Ba kowa sakin layi ɗaya ya karanta a bayyane, sannan ya rubuta jimla biyar a kan garinsu. Za ka ga sun rabu gida biyu: masu bukatar dabarun jarrabawa, da waɗanda karatun kansa ne bai zauna ba. Haɗa su aji ɗaya shi ne babban kuskuren da ake yi, na gaba su gaji su daina zuwa, na baya su yi shiru har a gama. Kowane rukuni kada ya wuce 20, domin insha'i ashirin ne abin da mutum ɗaya zai iya dubawa da jan biro a mako ba tare da ha'inci ba.

Ka raba masu JAMB da masu WAEC ko da na rabin awa ne. A JAMB Turanci tambaya 60 ne cikin 180, duk zaɓi ne a kwamfuta, kuma akwai littafin da hukumar ke ayyanawa, wanda ake sauyawa, don haka tabbatar da na shekarar kafin ka sa yara su saya. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana asarar lokaci, sai ka koya masa haruffan: A zuwa D don amsa, N don gaba, P don baya. Kwamfutar cinya ɗaya da aka caja a shagon caji ta isa su riƙa karɓa-karɓa. A WAEC kuwa rubutu ne ke kayar da su. Insha'i maki 50 ne, kalma kusan 450, taƙaitawa 30, auna fahimta 20, kuma ana zaftare rabin maki kan kowane kuskuren harafi ko nahawu ko alamar rubutu har makin da aka ware wa tsabtar rubutu ya ƙare. Saboda haka gajerun jimloli masu tsabta sun fi dogon Turancin burga. A gwajin furuci ka daɗe a kan p da f, da b da v, da baƙaƙen da ke haɗuwa babu wasali a tsakani, waɗanda harshen Bahaushe ke cusa wa wasali.

Kuɗi a karɓa a farkon wata, a rubuta a littafi, a ba da rasit. A misali, ɗalibi 20 a kan naira 3,000 ya kama 60,000 a wata, rukuni biyu ya ninka. Wanda ya bari sai ƙarshen wata zai sha "Malam, a yi haƙuri, Baba ya yi tafiya". In uba ya ce zai biya da gero ko shinkafa, karɓa, a auna da tiya a kan farashin kasuwar makon. Wasu iyayen za su tambaye ka ko kana da hanyar "taimako" a ɗakin jarrabawa. Ka rufe maganar tun ranar farko, domin kama ka sau ɗaya zai tafi da lasisin da sakamakon yaran gaba ɗaya.

Fassara

Ƙungiyoyin lafiya da na ilimi da ke aiki a ƙauyuka, da gidajen rediyo, suna bukatar mai mayar da Turanci Hausa. Iya magana da Hausa bai isa ba, sai ka iya ƙa'idar rubutunta, da ƙ da ɗ da ɓ da raba kalmomi daidai. Fassara shafi biyu, ɗaya kan rigakafi ɗaya kan noma, ka ajiye a waya a matsayin samfuri. Ku yi ciniki a kan adadin kalmomin Turancin da aka ba ka, ba na Hausar da ka mayar ba, kuma ka karɓi rabin kuɗin kafin ka fara.